Yadda ake gano abin da ke dawo da ruwa cikin bandakin lantarki na jirgin ruwa, da yadda ake gyara shi

Ka danna makunni, injin ya yi ƙugi, kwanon bandaki ya wanku tas. Bayan minti goma ka leƙa, sai ga ruwa ya dawo. Wani lokaci ruwan ƙasa-ƙasa ne mai wari, wani lokaci garau kamar yanzu aka zuba shi. Duk mai kula da ƙaramin jirgin ruwa, ko na shaƙatawa ne a gaɓar Legas, ko na kai ma'aikata a Fatakwal, ko na masu nutso a Bahar Maliya, zai gamu da wannan matsala ko ba daɗe ko ba jima. Abin da ke damuna shi ne yadda ake saurin ɗora wa injin laifi, a cire shi a sayo sabo da kuɗi masu yawa, bayan kwana biyu kuma ruwa ya dawo yadda yake. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau.

Kafin ka taɓa ko da noti ɗaya, ka san hanyar da ruwa ke bi. Bandakin lantarki irin na Jabsco, Raritan, Tecma ko Johnson Pump yana da hanyoyi biyu. Akwai ta shiga, siririn tiyo mai faɗin milimita 19, wanda ke kawo ruwan wanki ko dai daga teku ko daga tankin ruwan daɗi na jirgin. Akwai ta fita, tiyo mai faɗin milimita 38, a wasu kuma 25, wanda ke ɗaukar ƙazanta zuwa tankin tarawa ko zuwa teku. A ƙarƙashin kwano akwai injin markaɗe mai wuƙa da farfela. Farfelar nan tura ruwa kawai take yi muddin tana juyawa. Da zarar ta tsaya, ba ta tare komai. Abu ɗaya tak ke tsakanin kwanonka da duk abin da ke kwance cikin tiyon fita: wata 'yar roba mai leɓɓa, wadda masu sana'ar ke kira joka. Ruwa ya turo ta daga baya sai leɓɓan su buɗe, ya nemi komowa sai su haɗe.

Mataki na farko: rufe ƙofofin teku

Wannan ba zancen wari ba ne, zancen rai ne. A jirage da yawa bandaki yana ƙasa da inda ruwan teku ya tsaya a jikin jirgi. Idan ruwan da ke cika kwano daga teku yake, ba zai tsaya ba sai ya malala, kuma jirage sun sha nutsewa a inda aka ɗaure su saboda wannan kaɗai. Nemi bawul ɗin da ke jikin jirgi inda tiyon shiga ya fara, da na inda tiyon fita ya ƙare, ka rufe duka biyun. Hannun bawul ya gitta tiyo, a rufe yake. Ya miƙe tare da tiyo, a buɗe yake. In hannun ya cije, kada ka sa masa ƙarfe ka danna da ƙarfin tsiya, domin in ya karye a ƙarƙashin ruwa ka sayi babbar wahala. Ka riƙa motsa shi gaba da baya a hankali har ya saki.

Tanadi kayan aiki kusa: safar hannu ta roba mai kauri, tabarau, bokiti, tsummoki da yawa, ledar shara, sukundireba, ƙaramar sifana, tocila, mitar gwajin wuta, kalar abinci, da sabuwar joka ta ainihin samfurin bandakinka. Jokar wani kamfani ba lallai ta zauna a na wani ba, ko da a ido sun yi kama. Buɗe tagogi da ƙofofi, don iskar da ke fitowa daga tankin ƙazanta, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana da guba a wuri matsattse.

Mataki na biyu: wane ruwa ne ke dawowa?

A nan aikin yake, kuma a nan aka fi yin gaggawa. Hanci ba zai raba maka gardama ba, saboda ruwan teku da ya kwana cikin tiyon shiga shi ma yana ɗoyi, ƙananan halittun cikinsa sun mutu sun ruɓe. Ido za ka sa.

Zuba ruwan daɗi kamar lita biyu cikin kwano, ɗiga masa kalar abinci mai ƙarfi, shuɗi ya fi fitowa. In bandakin teku yake zubarwa kai tsaye, buɗe bawul ɗin fita na ɗan lokacin gwajin, na shiga kuwa ya ci gaba da zama a rufe. Danna makunni na daƙiƙa kaɗan, iya yadda kwano zai zama fanko. Kada ka daɗe, domin a wasu samfuran famfon shiga, wato wanda ke jawo ruwan wanki, yana juyawa tare da injin, kuma robarsa na ƙonewa in babu ruwa. Share kwano da tsumma, manna ɗan salatif a gefe don ka riƙa auna tashin ruwa, sannan ka zauna ka sa ido.

Idan ruwan shuɗi ya ɓullo daga ramin ƙasa, matsalar tana hanyar fita. Idan kuma kwano ya zauna a bushe, sai ka buɗe bawul ɗin shiga ka sake kallo. Ka ga ruwa na tsiyaya daga ramukan da ke ƙarƙashin leɓen kwano, to daga hanyar shiga yake, kuma ko ka canza joka goma ba za ta hana shi ba.

Lura kuma da yadda ruwan ke tashi. Wanda ya hau zuwa wani wuri ya tsaya, kullum a wuri ɗaya, abin da ke cikin tiyon da ya haura sama ne ya gangaro. Lissafin ba wuya: mita ɗaya na tiyo mai milimita 38 yana ɗaukar lita ɗaya da ɗan ɗoriya, na milimita 25 kuma kusan rabin lita. In tiyonka ya haura mita ɗaya kafin ya karya zuwa tanki, kusan lita ɗaya ce za ta dawo, daga nan shiru. Wanda kuwa ke ta hawa ba tsayawa, akwai inda yake samun ƙari, ko tanki ya cika, ko teku ce ke shigowa.

Idan daga hanyar fita ne

Kada ka fara da kwance joka. Fara da tanki, don shi ne mafi sauƙin dubawa, kuma shi ne zai yi maka wanka da ƙazanta in ka kwance tiyo alhali yana cike. Ma'aunin tankin ƙazanta ya cika yin ƙarya, ƙazanta na manne masa ya tsaya wuri ɗaya. In tankin roba ne, haska tocila ta bayansa za ka ga iyakar ruwan. In ba ya nunawa, ƙwanƙwasa shi daga sama zuwa ƙasa ka ji inda sautin ya sauya. Ya cika, a je a zuƙe shi a inda aka tanada. Ƙasashe da yawa sun hana zubarwa kusa da gaɓa: a Amurka ba a zubar da ɗanyar ƙazanta cikin mil 3 daga gaɓa, Suwidin kuma ta hana ƙananan jiragen shaƙatawa zubarwa a ruwanta tun 2015. Ko ba doka, inda mutane ke kamun kifi da wanka ba wurin juye tanki ba ne.

Daga nan sai hancin tanki. Kowane tankin ƙazanta yana da siririn tiyon numfashi da ke fita ta gefen jirgi. Duk litar da ta shiga tanki, dole litar iska ta fita ta nan. In hanyar ta toshe, iska na matsewa a ciki, injin ya tura ƙazanta da ƙyar, yana tsayawa kuma iskar ta turo ta baya. Alamunsa: kwano na yin gurnani ko kumfa bayan an gama, gefen tankin roba ya kumbura, injin yana nishi fiye da da. Abubuwan da ke toshe shi sanannu ne. Zanzaro na son wannan ɗan ramin ƙwarai, ya cika shi da laka. Gishiri da tsatsa na cinye 'yar ragar da ke bakinsa. In an taɓa barin tanki ya cika ya tumbatsa, ƙazanta da takarda sun hau cikin tiyon sun bushe. In kuma an sa matatar gawayi a hanyar don kashe wari, da zarar ta jiƙe ta zama toshiya. Sa siririyar waya ka sakace bakin ramin daga waje, sannan ka cire tiyon daga kan tanki ka tura masa ruwa ka ga ko zai fita. Ka duba kuma kada tiyon ya yi ciki a tsakiya, inda ruwa zai kwanta ya tare iska. In kana zargin tankin a matse yake, kwance murfin zuƙewa da ke saman jirgi sannu a hankali, da tsumma a kai, fuskarka a gefe.

In akwai bawul mai raba hanya biyu, ɗaya zuwa tanki ɗaya zuwa teku, tabbatar hannunsa ya kai ƙarshe. Wanda ya tsaya a tsakiya yana rage hanya, yana kuma iya haɗa teku da tiyonka.

Canza joka

Tanki ba cike ba, hanci a buɗe, to yanzu ka zo kan joka. Fara da wanke hanyar, bawul ɗin fita a buɗe in teku yake zubarwa: zuba bokiti biyu ko uku na ruwan daɗi kana tura su, don abin da zai zubo maka in ka kwance ya zama ruwa ne kawai. Kwashe sauran na cikin kwano. Cire fis ɗin bandaki ko ka kashe makunninsa a allon wuta, ka gaya wa kowa a jirgin kada a taɓa. Wuƙar markaɗe ba ta san yatsa ba. Rufe bawul ɗin fita.

Jokar tana cikin gwiwar da tiyon fita ke kamawa, a bayan kwano ko a gefensa. Shimfiɗa leda da tsummoki, sa ƙaramin roba a ƙasa. In da hali kada ka cire tiyo daga gwiwar, kwance sukurorin da suka riƙe gwiwar da jikin famfo, wato injin markaɗe, kawai, ka ja ta baya a hankali. Ruwan da ke tsaye cikin tiyo zai zubo, ka shirya masa. Kafin ka zare tsohuwar, ɗauki hotonta da waya yadda take zaune.

Wanke ta ka ɗaga ta wajen haske. Mai lafiya leɓɓanta a haɗe suke, ba ka ganin komai ta tsakiya, in ka matsa ta saki sai ta koma yadda take nan take. Wadda ta gaji za ka ga haske ta tsagar, leɓɓan sun yi tauri sun wage, farin dutse ya kama gefensu. Wani lokaci robar lafiya lau, gashi ne ko zaren tsumman goge jiki ko guntun sandar goge kunne ya maƙale a tsakani ya hana ta rufuwa. Ko da haka ne, tunda ka riga ka buɗe, sa sabuwa, ka ajiye tsohuwar don ranar larura.

Kankare dutsen da ke mazaunin jokar har ya yi sumul. Sa sabuwar leɓɓanta na kallon tanki, faffaɗan gindinta na kallon famfo. In ka juya ta, ba abin da zai fita ko kaɗan. Gindin nan shi ne kuma ke hana yoyo a mahaɗar, don haka a ɗaure sukurorin bi da bi, kaɗan-kaɗan, har su zauna daidai. Kada ka matse su da yawa: gwiwar roba ce, tana tsagewa, kuma matsi na murɗe joka har leɓɓanta su buɗe. Kada a shafa mata giris ko man jelin shafawa, man fetur da danginsa na lalata irin wannan roba. Ɗan sabulun wanke-wanke ya isa.

Tunda wuta a kashe take, haska cikin famfon ka ga wuƙar. Gashi da zaren kamun kifi na naɗewa a jikinta su rage mata gudu. Ciro su da filaya.

Tiyon da ya tsuke

Ga dalilin da ke sa a canza joka yau, bayan wata guda matsala ta dawo. Fitsari in ya haɗu da ruwan teku yana haifar da farin dutse da ke manne wa cikin tiyo, shekara bayan shekara, har tiyo mai milimita 38 ya koma ramin da yatsa kaɗai ke shiga. Injin ba ya iya kai ƙazanta ƙarshe, ɓarɓashin dutsen kuma na gangarowa ya maƙale a bakin sabuwar jokar. Matsa tiyon da hannu: in ya yi tauri kamar itace, ko ka ji yana ƙaras-ƙaras, ya kamu.

In abin bai yi nisa ba, ruwan khal fari na taimakawa. Zuba kamar kofi ɗaya, tura shi cikin tiyo, bar shi ƙasa da awa guda, sannan ka bi shi da ruwan daɗi. Barinsa ya kwana yana kumbura roba. Wannan rigakafi ne na mako-mako, ba ya narkar da dutsen shekaru. Wanda ya yi kauri, ko dai a cire tiyon a bubbuga shi a kan dakalin tasha har dutsen ya zube, ko a sa sabo. Ni sabon na fi so, domin tsohon tiyo ya riga ya sha wari, kuma bugu na raunana shi. A sayi tiyon da aka yi don ƙazanta, mai santsin ciki. Tsoma bakinsa a ruwan zafi ya yi laushi kafin a cusa, a ɗaure kowace mahaɗa da ke ƙasa da ruwa da zoben ɗauri biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa. Kada ka taɓa haɗa bilic da khal ko wani asid, iskar da ke tashi tana kisa. Bilic ɗin ma shi kaɗai yana cinye joka.

Yayin da kake shimfiɗa sabon tiyo, gyara hanyarsa. Mafi kyau ya haura sama nan da nan daga bayan bandaki, sannan ya yi ta gangara har tanki. Tiyon da ke hawa a hankali tsawon mita uku, duk abin da ke cikinsa a kan joka yake kwance dare da rana.

Ƙarfin wuta

Injin da bai samu isasshiyar wuta ba yana juyawa, yana ƙara, amma ba ya tura ruwa ya tsallake tudu. Batir mai bolt 12 in ya cika yana nuna kusan 12.6 a hutawa. Amma awon da ke da amfani shi ne wanda za ka yi a kan wayoyin injin kansa, lokacin da wani ke danna makunni. In ya faɗi da fiye da kashi 10 cikin ɗari na abin da batir ke bayarwa, bi wayar: mahaɗa mai koren tsatsa, fis mai sako-sako, wayar da ta yi siriri ga nisan da ta yi. Kada ka manta da wayar komawa, ita ma tana ruɓewa.

Idan teku ce ke shigowa

Ka san yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo: da zarar ya fara gudu, ba ya tsayawa muddin bakin tiyon na ƙasa da man. Haka teku ke yi wa bandakin da ke ƙasa da ita. Maganinsa wata lanƙwasa ce da ake kai tiyo sama a karyo shi, da ɗan bawul ɗin iska a ƙololuwarta. Famfo na tsayawa, bawul ɗin ya shigo da iska, zuƙowar ta yanke. Dole lanƙwasar ta kasance aƙalla santimita 20 sama da ruwa, ba a tsaye kaɗai ba, har lokacin da jirgi ya karkata iyakar karkatarsa ko aka cika shi da kaya. Ana bukatarta a tiyon fita in yana zuwa teku, ana kuma bukatarta a na shiga.

Gishiri na toshe ɗan bawul ɗin. Kwance murfinsa, ciro 'yar robar ciki, wanke ta da ruwan ɗumi, hura ka tabbatar iska na shiga ba ta fita. In ta taurare, sabuwa ba ta da tsada. A hanyar shiga, lanƙwasar tana zama tsakanin famfo da kwano. In aka sa ta tsakanin teku da famfo, iska famfon zai riƙa ja maimakon ruwa.

Bandakin da ke amfani da ruwan daɗi na jirgi kuwa, bawul ɗin lantarki ne ke buɗe masa ruwa. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa sosai. Alamarsa, famfon ruwan jirgi na tashi shi kaɗai jifa-jifa ba wanda ya buɗe komai. Kashe famfon, buɗe kan famfo ɗaya matsin ya sauka. In tsiyayar ta tsaya, shi ne. A kwance shi a wanke, in robarsa ta huje a canza.

Gwaji, da abin da za a koya wa mutanen jirgi

Mayar da fis, buɗe bawul, maimaita gwajin kala. Shafa busasshiyar takarda a kowace mahaɗa ka ga ko za ta jiƙe. Duba bayan minti goma sha biyar, bayan awa ɗaya, sannan da safe. Ɗan ruwa kaɗan a gindin kwano ba laifi ba ne, wanda ke cikin famfon ne ya kwanta.

Joka ba a yi ta don ta riƙe ƙazanta tsaye a kanta har abada ba. Tana tsufa, kuma sauya ta sau ɗaya a shekara ya fi jiran ta gaza. Abin da zai sa ko ta fara yoyo ruwa mai tsabta ne zai dawo shi ne tsawon dannawa. Yawancin mutane na sakin makunni da zarar kwano ya yi fari, alhali ƙazantar tana nan taku ɗaya a bayan joka. Auna tsawon tiyonka daga bandaki zuwa ƙololuwar hawansa, lissafa litocin, ka gwada da bokiti daƙiƙa nawa injin ke ɗauka ya tura wannan adadin. Rubuta adadin daƙiƙun a manna kusa da makunni, tare da gargaɗin cewa ban da takardar bandaki mai saurin narkewa ba abin da za a jefa. A ajiye kwandon shara mai murfi don sauran. Masu tsarki da buta su riƙa tura ruwan bayan sun gama, kada a bar kwano cike jirgi na tangaɗi.

Duk ranar da za a bar jirgi ba kowa, a tura bokitin ruwan daɗi ya wanke tiyo, sannan a rufe bawul ɗin shiga da na fita kafin a sauka.